Maganin Mijinyawa

Yamai, unguwar Wadata
Watan Rajab

Zuwa ga taubashina Isma'ila, wanda Inna ta laƙaba wa Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na gonar dabinon nan ta Aljeriya da ko rezon waya ya ƙi zuwa. Mu nan sanyi ya sa mu gaba, rabin yaran ajina tari suke yi. Yaya Safiya ta haihu a Maraɗi, namiji, ka samu magaji wajen cin ƙanzo.

A tasha nake rubuta maka wannan, a tsaye, na ɗora takardar a jikin kamiyon Alu direba. Ya ce yanzu zai tashi, kuma ka san shi, ba ya jiran kowa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Inna ba ta da lafiya. Ciwon manyeziyom ɗin nan ya dawo, kuma ya fi na bara. Ka tuna yadda ta yi bara bayan doguwar gudawar nan: ƙafafu suna ɗaurewa, yatsu suna lanƙwashewa, fatar ido tana rawa, har maƙwabta suka ce iska ce. Sai da aka yi analiz ɗin jini a gidan likita, lokotoro ya ce wani gishiri ne na cikin jini ya ƙare mata. Ƙwayoyin da ka aiko suka tashe ta, ta koma bakin kasuwa da tukunyar dambunta, tana gaya wa duk mai sayen kopton zogale cewa ɗanta na Aljeriya ya fi lokotoro. Mu 'yan matan da ta haifa kuwa ba wanda ya ji sunanmu. Na yafe maka. Tun ranar da aka kawo ka gidan nan daga Tasawa bayan rasuwar mahaifiyarka, kana ɗan mitsitsi da majina, muka san an karɓe mana uwa.

Wannan karon abin ya zo da wata fuska. Ba ta da ƙarfi ko kaɗan, tana zaune sai barci ya kwashe ta, ƙafafunta sun kumbura. Na kai ta likita aka sake ɗibar jini. Lokotoro ya ce manyeziyom ne kuma, sai dai yanzu ƙoda ta shigo cikin maganar, tansiyon, wato hawan jinin da ta daɗe tana fama da shi, ya gajiyar da ita. Ya yi bayani mai tsawo wanda ba zai shiga takardar nan ba, ga Alu can ya tada mota.

Ƙwayoyinka na bara ko ɗaya babu a gidan nan yanzu. Dambu ma an daina, tukunya tana kife a bayan ɗaki.

Ina jin tsoro, Mijinyawa. Ban gaya wa yayyena ba, kowacce tana da nata kayan a ka, kai nake gaya wa. Inna ta ce in gaishe ka, in tambaye ka ko kana samun abinci mai miya.

Taubashiyarka,
Salima

*

Gona, bayan In Salah
Watan Sha'aban

Zuwa ga Madam Salima, mai jan biro,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da duk mutanen gida. Ni lafiya lau nake, sai dai tafin hannu ya zama kamar bayan kada saboda hawan dabino. Barka da samun ɗa, ki ce wa Yaya Safiya a ajiye mini ƙanzona, magaji ya jira.

Takardarki ta same ni, na karanta ta a gindin famfo, abinci ya fita raina ranar. Amma da na zo wurin da kika ce ƙwayoyin bara babu ko ɗaya a gida, sai hankalina ya kwanta, na ce ashe ga inda gizo yake saƙa. Magani ya ƙare, ciwo ya dawo, wannan ko ni da na tsaya a aji huɗu na gane. Ke da takardunki duka kika bari ya ƙare ba ki aiko mini da wuri ba?

Ranar Juma'a na roƙi mai gona ya bar ni na bi motar tumatir zuwa gari. Na shiga farmasi na ce a ba ni manyeziyom mafi ƙarfi, na tsohuwa ce da ta riƙe ni. Mai farmasin ya tambaye ni abubuwa da Larabcinsu mai sauri, na ce masa dai ta taɓa sha kuma ya yi mata. Ya ba ni wanda ya ninka na bara. A bakin ƙofa Allah ya haɗa ni da Bashir, ɗan Gudel, wanda gidansu ke noman ganyen salati a bakin kogi. Ranar zai kama hanyar gida, na danƙa masa, na ce hannun Inna zai sa shi.

Na ari wayar wani na kira lambarki. Ashe kina lakwal wurin koyarwa, kin bar wa Inna wayar a gida. Salima, da na ji muryarta sai da na zauna a bakin hanya. Ta yi ƙasa ƙwarai, kamar mai magana daga cikin bargo. Amma da na ce mata magani yana tafe sai ta yi dariya, ta ce, "Na san ba ka barina." Na ce ta sha biyu da safe, biyu da yamma. Ta ce kada in gaya miki, wai kin zama soja a gidan, kin hana ta gishiri, kin hana ta ayaba da tumatir, har ruwan sha aunawa kike yi. Na yi mata alkawari, ga shi kuma na karya, don ban iya ɓoye miki abu ba tun muna yara. Ki yi kamar ba ki sani ba. Ki sassauta wa tsohuwa, ki bar ta ta ci abin da ranta yake so.

Maganar ƙoda kuma, in jiki ya samu abin da ya rasa komai zai koma daidai, da yardar Allah. Bara ma ai cewa aka yi ba za ta tashi ba.

Wannan takardar zan ba Alu in ya gama lodi. Na yi niyyar zuwa gida da Layya. Na gaya wa Inna ina so in iske ta tsaye a bakin tukunya, ita za ta zuba mini dambun da hannunta, ta ce an gama.

Naki,
Mijinyawa

*

Yamai
Tsakiyar azumi

Mijinyawa,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina fata kana lafiya. Har yau ban samu amsarka ba. Na je tasha aka ce Alu bai dawo ba, wasu sun ce kamiyonsa ya lalace a sahara, wasu sun ce a iyaka aka tsare su. Wannan zan ba wani ɗan Agadas da ya ce ya san gonarku. Ban sani ba ko za ta iso.

Wancan karon na rubuta a gaggauce, bari in yi maka bayanin da kyau, don ni ma sai da na koma wurin lokotoro na zauna kafin na gane. Ciwon bara da na bana sunansu ɗaya, amma ba hanyarsu ɗaya ba. Bara manyeziyom ƙarewa ya yi a jikinta. Bana yawa ya yi. Ƙoda ce take tace wanda jiki ba ya buƙata ta fitar da shi ta fitsari, to tata ta kusa tsayawa, duk abin da ya shiga sai ya taru. Mu kuwa komai mu ce ciwon kaza, ciwon suga, ciwon jini, ba mu faɗin ko ya hau ne ko ya sauka. Lokotoro ya ce in ya yi yawa kwantar da jijiya yake yi, mutum ya yi ta barci, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya yi nauyi, har abin da ba a fata ya faru. Shi ya sa tun ranar farko na kwashe sauran ƙwayoyinka na zuba a masai, har da farin maganin ƙwannafin nan mai kama da nono da take saye wurin masu talla, ashe shi ma akwai shi a ciki. Don Allah kada ka aiko da komai, ko da ka samu mai zuwa.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, duk da haka abin hawa yake yi. Duk analiz sai ya fi na baya. Wancan makon lokotoro ya buga mata 'yar gudumar roba a gwiwa, ƙafar ko motsi ba ta yi ba. Ya dube ni ya ce, "Madam, kin tabbata ba ta shan wani abu?" Na ji kunya kamar ya kama ni da sata. Na dawo gida na birkice ɗakinta, ƙarƙashin katifa, cikin kwalla, bayan hoton Baba, har ƙullin bakin zanenta na kwance. Ban samu komai ba sai goro da tsohuwar tasbaha. Tana kwance tana kallona, ta ce, "In kin gama binciken ki ba ni ruwa."

Sun ce sai wankin ƙoda, abin da suke kira diyaliz. Injinan kaɗan ne, masu jira sun fi su yawa nesa ba kusa ba. An rubuta sunanta, an ce mu saurara. Kullum in na fito daga lakwal sai in hau kabu-kabu in je in tsaya a bakin ƙofar, in ga mutane zaune a kan tabarma da butocinsu, wasu tun daga Dosso da Tawa. Wata Bazabarma da ke jinyar mijinta ta riƙe hannuna ta ce, "Kala suuru," sai haƙuri. Ni haƙurin ne ya kusa ƙare mini.

Abin da ya fi ci mini rai, ita ba ta damu ba. Ba ta iya ɗaga kofi, harshenta ya yi nauyi, amma ta sa an wanke tukunyar dambu an kife ta kusa da ƙofa. Ta ce kafin Layya za ta tashi, ita ta san abin da ta taka. Jiya na ce mata, "Inna, wa ya gaya miki?" Sai ta yi murmushi ta rufe ido. Ina ganin ta tana tafiya a hankali a gabana, ba ni da abin riƙe ta. Addu'a ma in na ɗaga hannu sai in rasa abin da zan roƙa, tsakanin Allah ya bar mana ita da Allah ya sauƙaƙa mata.

Lambarka kullum a rufe. In ka shiga gari ka kira ni da yamma, lokacin ina gida.

Salima

*

Gona
Bayan ƙaramar Salla

Madam,

Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Ina lafiya. Ina gaishe da Inna da kyau.

Shiru nake ji daga gare ki tun takardar Rajab, amma ban damu ba, mugun labari ba ya daɗewa a hanya, da akwai shi da ya iske ni. Na shiga gari ranar Salla na kira, wayar a kashe, na ce kuran ne, wutar lantarki, aka ɗauke muku kamar kullum.

Na ji Alu bai ma wuce iyaka ba, injin kamiyonsa ya fashe, yana can yana jiran gyara. Kenan takardata ta Sha'aban tana aljihunsa har yanzu. Zan aika masa wannan ya haɗa miki su, ki karanta da jan bironki ki gyara kurakurai. Abin da ya fi muhimmanci dai ya riga ya isa, don wani ya ce ya ga Bashir a Yamai tun kafin azumi.

Yanzu na san ta fara takawa. Ta koma kasuwa ko kin hana? Na sayi wani kwalin na ajiye, da shi zan zo, kada a sake cewa ya ƙare. Na saya mata bargo mai laushi, ke kuma ba ki da komai sai in kin roƙa.

Mijinyawa

*

Yamai
Watan Zulƙida

Isma'ila,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta rasu ranar Talata da hantsi, an kai ta bayan azahar. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri, ni da kai.

Na so in tsaya nan. Na yi niyyar in ce maka ƙoda ce kawai, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma takardata ta azumi tana hanya, ko ta riga ta iso, ranar da ka karanta ta za ka haɗa komai da kanka, kai kaɗai a gindin famfo. Gara ka ji daga bakina.

Ranar Lahadi numfashinta ya yi nauyi, muka kai ta likita aka kwantar da ita. Suka sa mata ƙarin ruwa na serom, suka yi mata allurar kalsiyom, ta ɗan buɗe ido. Washegari Alu ya iso. Ya je gida aka ce muna likita, ya biyo mu da takardunka biyu da jakar dabino. A barandar ɗakin na karanta. Da na zo wurin Bashir sai na ninke takardar.

Na shiga na durƙusa kusa da kunnenta. Na ce, "Inna, ina maganin Mijinyawa?"

Ta buɗe ido a hankali. Sannan ta ce, "Yaron ga bai iya riƙe magana ba."

Na ce, "Ina kika sa shi? Na duba ko'ina."

Ta ce, "Inda ba ki iya kai hannu."

Nan take na gane. Ka san likkafanin da ta zo da shi daga Makka, wanda ta jiƙa da zamzam ta naɗe a ƙasan akwatin ƙarfen da ke gefen gadonta. Ranar da na birkice ɗakin na buɗe akwatin, na ga farin yadin, na mayar da murfi da sauri. Wace ɗiya ce za ta warware likkafanin uwarta tana kallonta? Ta san ni sarai. Na je gida na warware shi. Fankon ƙwayoyin suna ciki a jere, ta adana su kamar yadda take adana komai naka, saura 'yan kaɗan ba ta sha ba.

Da na dawo na tambaye ta nawa take sha. Ta ce da fari yadda ka ce. Da ta ga ƙarfi yana ƙara tafiya sai ta ƙara, don a ganinta ciwon ne yake neman fin ƙarfin magani, kuma Layya tana matsowa. Duk safiya take sha in na tafi lakwal. Na kai wa lokotoro fankon, ya juya su a hannunsa, bai yi mini faɗa ba. Ya fita ya je ya nemo mata gurbi a injin wankin, aka ce Talata da rana. Zuciyarta ba ta kai rana ba.

Ban rubuto don in ɗora maka ba. Ka maimaita mini maganata a takardarka, na gan ta da idona: ko ɗaya babu a gidan nan. Abin da nake nufi ni na zubar da su. Kalma biyar suka rage in ƙara, Alu yana tada mota, na ce sauran bayani sai wani jiƙon. Shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane su cika jimla. Lokotoro ya ce ƙodar ta riga ta tafi, ko ba wannan da wuya ta ga wata damina. Ina maimaita wa kaina haka, ba ya shiga. Kai ma ka gwada, ko kai zai yi maka.

Da yammacin Litinin ta farka sosai, har ta nemi dabinonka, na tsaga ɗaya na shafa mata a leɓe. Ta ga idona ya kumbura, ta gane na san abin da ƙwayoyin suka yi, ina jin ita ma a lokacin ta gane. Ta kama yatsana ta ce, "Ɗiyata, ki ce mishi maganinshi ya yi mini. Ki ce na tashi, har na yi dambu." Na ce to. Ta ce, "Ki rantse." Na ce zan faɗa maka.

To ga shi na faɗa. Inna ta ce maganinka ya yi mata, ta tashi, har ta yi dambu. Wannan saƙonta ne, na sauke shi yadda ta ba ni. Sauran abin da ke takardar nan nawa ne, in laifi ne in nemi gafararta.

A cikin likkafanin aka sa ta. Da matan wanka suka shimfiɗa shi, ƙwaya ɗaya da ta maƙale a naɗin ta faɗo ta gangara ƙarƙashin gado. Wata tsohuwa ta tsinto ta miƙo mini, ta ce in ajiye, magani ba ya rasa mai shi. Na karɓa.

Yayyena sun zo, sun koma. Ba su san komai ba, kuma ba za su ji daga gare ni ba. Bashir ya zo gaisuwa da kwandon salati, yana cewa Allah ya sa ya kai saƙon da wuri ta samu ta amfana, na ce amin. Gidan ya yi mini girma. Tukunyar tana nan bakin ƙofa inda ta sa aka kife ta, na kasa ɗauke ta, na kasa kallonta.

Kada ka ce ba za ka zo ba. Na san ka, za ka ce ba ka da fuskar shiga Wadata, ka ƙara nutsawa cikin sahara. Ni kaɗai ba zan iya ɗaukar wannan ba, kuma ba wanda zan iya ɗauka da shi sai kai. Bargon ka ba wani mai jin sanyi a can. Kwalin da ka saya ka bar shi inda yake. Ka zo da Layya kamar yadda ka yi mata alkawari, ka zo hannu Rabbana. Bana ba wanda zai tambaye ka tsaraba.

Taubashiyarka,
Salima